Baƙin Albarushi da Masu Neman Gadonsa

Ranar 26 ga Satumba, 1874, dubban mutane suka yi dafifi a wani fili da ake kira Creedmoor, a tsibirin Long Island kusa da birnin New York, domin kallon gasar harbi tsakanin mutum shida daga ƙasar Ailan da mutum shida na Amurka. Mutanen Ailan ne suka nemi a kara. Shekara guda kafin nan sun ci garkuwar Elcho a Ingila, kuma suna ganin babu mai ja da su a harbin nesa. Bindigogin da suka zo da su ƙirar John Rigby ne na birnin Dublin, waɗanda ta baki ake ɗura musu albarushi da harsashi. Amurkawa kuwa sababbin ƙira suka riƙe, na kamfanonin Remington da Sharps, masu buɗewa ta gindi. Kowane mutum ya yi harbi 15 daga nisan yadi 800, ya sake 15 daga yadi 900, ya ƙare da 15 daga yadi 1,000. Da aka tattara maki, Amurka na da 934, Ailan na da 931. Ɗaya daga cikin baƙin, J. K. Milner, ya sami tsakiyar allo cif, amma allon wani ya harba bisa kuskure, aka hana shi maki huɗun da harbin ya cancanta. Da ba don haka ba, da bindigar ɗuri ce ta tafi gida da nasara.

Yadi 1,000 ya haura mita 900. A wannan nisa mutum a tsaye ɗigo ne kawai a ido. Kuma dukan mutanen nan goma sha biyu, masu tsohuwar ƙira da masu sabuwa, abu ɗaya suka ƙona: baƙin albarushi, mai hayaƙi da warin farar wuta. Ya kamata a riƙe wannan a zuci, domin bayan shekara ɗari, da aka fara sayar da wasu sinadarai a madadinsa, mutane da yawa sun ɗauka cewa rashin saiti ne ya sa aka nemi canji. Tarihi bai nuna haka ba.

Asalin albarushi ƙasar Sin ne, a wajen ƙarni na 9, kuma littafin yaƙi na Wujing Zongyao da aka kammala a 1044 yana ɗauke da bayanin haɗinsa mafi daɗewa da ya iso gare mu a rubuce. A ƙarni na 13 Hasan al-Rammah na ƙasar Sham ya yi bayanin yadda ake tace gishirinsa, Roger Bacon kuma ya ambace shi a Ingila. Kayan haɗin uku ne tun daga wancan zamani har yau: gawayi, farar wuta, da wani farin gishiri da ke tsatsowa a tsofaffin katangu da turakun dabbobi, wanda shi ke ba wutar iskar da take ci. Da fari gari ne lilis, kuma idan aka yi doguwar tafiya da shi a ganga sai kayan su rarrabu, mai nauyi ya koma ƙasa. Harbin safe dabam, na yamma dabam. A ƙarni na 15 Turawa suka koyi mayar da shi ƙwayoyi, kowace ƙwaya na ɗauke da kayan uku a dunƙule, wuta kuma na samun hanyar ratsawa tsakaninsu. Daga nan aka gane cewa girman ƙwaya shi ke tsara saurin ƙonewa. Shi ya sa har yau ake rubuta Fg, FFg, FFFg da FFFFg a jikin gwangwani: manyan ƙwayoyi na manyan bindigogi, ƙanana na ƙananan bindigogi, mafi laushi kuma na kaskon kunna wuta.

Amma akwai aibi guda da babu gwanin da ya iya raba albarushi da shi. A shekarun 1870 Andrew Noble da Frederick Abel sun ƙona shi a rufaffen mazubi suka auna abin da ya rage, suka tarar fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska. Toka yake zama. Wani kaso ya fita a farin hayaƙin nan, wani ya manne a cikin bututu. Tokar na shan laima daga iska, ta yi laushi a ranar danshi, ta bushe ta yi tauri a ranar zafi, kuma idan aka kwana ba a wanke ba, tsatsa ta kama ƙarfe. Kusan duk tarihin neman saiti a bindigar ɗuri kokawa ce da wannan toka.

Benjamin Robins, wani Bature masanin lissafi, ya ƙirƙiro hanyar auna gudun harsashi, ya buga sakamakonsa a 1742. Ya nuna cewa dunƙulen dalma da ya fita daga bututu mai santsi yana juyawa ne yadda ya ga dama, juyin kuma shi ke karkatar da shi. Maganin ya riga ya samu a hannun maƙeran Jamus: a yanka tsagogi masu murɗewa a cikin bututu, su tilasta wa harsashi juyi iri ɗaya kowane lokaci. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania sun tafi da wannan sana'a, suka ƙera doguwar bindigar nan da aka sani a dazuzzukan Amurka, wadda ake naɗe harsashinta da ƙyalle mai maiƙo. Matsalar ita ce tsagogin nan su ne maɓoyar toka. Bayan 'yan harbe-harbe sai harsashi ya ƙi shiga sai da ƙarfin tsiya, shi ya sa rundunoni suka daɗe suna ƙin irin wannan bindiga. Sai a 1849 Kyaftin Claude-Étienne Minié na Faransa ya kawo harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga cikin sauƙi, idan wuta ta tashi kuma ya buɗe ya kama tsagogin. Joseph Whitworth ya bi wata hanya, ya yi bututu mai kusurwa shida a murɗe. A gwajin 1857 bindigarsa ta yi wa Enfield ta sojan Ingila fintinkau, kuma da ita Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar harbi ta Wimbledon a 1860, ta ja igiya harsashi ya sauka daf da tsakiyar allo daga yadi 400. Duk da haka soja bai karɓe ta ba. Tana da tsada, kuma toka na saurin toshe ta.

Gwanayen wancan zamani sun san abin da suke nema a wurin albarushi. Ba ƙarfi ba ne. So suke harbi na goma ya fita da gudun da na farko ya fita da shi, domin a nisan yadi 1,000 ɗan bambancin gudu kaɗan ya isa ya sa harsashi ya wuce ta saman allo ko ya faɗi gabansa. Saboda haka suka riƙa zaɓen masana'anta kamar yadda ake zaɓen maƙeri. Albarushin Curtis & Harvey mai lamba 6 ya yi suna a Ingila. Sirrin kuwa yawanci a gawayi yake, wato irin itacen da aka ƙona da zafin da aka ƙona shi, sannan tsawon sa'o'in da aka yi ana niƙa kayan a ƙarƙashin manyan ƙafafun ƙarfe. A Amurka, Éleuthère Irénée du Pont, wanda ya koyi aikin a Faransa ƙarƙashin masanin kimiyya Lavoisier, ya kafa masana'antarsa a 1802 a bakin rafin Brandywine a jihar Delaware. Ɗakunan niƙansa bango uku ne na dutse masu kauri, ɓangare na huɗu mara nauyi yana fuskantar ruwa, domin idan abin ya tashi, ƙarfin ya nufi rafi. Ginin kansa shaida ne cewa masu sana'ar sun san fashewa ba ta da makawa, lokaci kawai take jira.

A 1884 Paul Vieille ya samar da albarushi mara hayaƙi a Faransa, bindigar Lebel ta 1886 ta fito da shi, kuma cikin 'yan shekaru rundunonin Turai suka juya wa tsohon baya. Wannan sabon abu ƙarfin matsinsa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba, don haka bai taɓa zama madadi ga bindigar ɗuri ba. Wanda ya zuba shi a bindigar da ba don shi aka ƙera ta ba, bututun ne zai tarwatse a hannunsa, kuma mutane sun rasa yatsu da idanu ta wannan hanya.

A ƙasashenmu tsohon bai tafi ko'ina ba. Tun ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Borno yake da 'yan bindiga da Turkawa suka horar, a ƙarni na 19 kuma Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana ƙera igwa da albarushi a birninsa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin fatauci, wanda shi ne mafi araha kuma mafi ƙazanta. Wannan na cikin dalilan da suka sa adaka ta zauna daram a hannun maharba da 'yan bindigar sarki a hawan salla. Amma labarin madadin albarushi ba a nan ya faru ba. A Amurka ya faru, kuma dalilansa na can ne.

Can bindigar ɗuri ta kusa ɓacewa, sai wasu tsiraru a tsaunukan Appalachia da kwarin Ohio suka riƙe ta. A 1933 aka kafa ƙungiyar masu harbi da ita ta ƙasa, NMLRA, wadda ta yi mazauni a wani ƙauye mai suna Friendship a jihar Indiana, inda har yau ake taruwa. Wanda ya tsaya bayan layin harbi a can zai ga yadda aikin yake da natsuwa. Mutum zai tsiyayo albarushi daga ƙaho zuwa ɗan ma'aunin tagulla, ba ya taɓa zubawa kai tsaye daga ƙahon, domin wataƙila akwai sauran garwashi a ciki. Ya share saman ma'aunin, ya juye a bututu, ya ɗan bubbuga gefen bindigar da tafin hannu don ƙwayoyin su zauna. Ya shimfiɗa ƙyalle mai maiƙo a baki, ya ɗora dunƙulen dalma, ya tura da sanda a hankali har ya ji ya taɓa albarushi. A jikin sandar akwai alamar da ya yi da wuƙa. Idan alamar ba ta zo daidai da bakin bututu ba, ya san akwai matsala. Bayan harbi ya zura ƙyalle mai ɗan danshi sau ɗaya, busasshe sau ɗaya, kowane lokaci haka. Wasu ma sukan je su tsinto ƙyallen da aka harba su duba ko ya ƙone ko ya yage.

A shekarun 1970 abin ya bunƙasa. Kamfanin Thompson/Center ya fito da bindigarsa ta Hawken a 1970, fim ɗin Jeremiah Johnson na 1972 ya cusa wa matasa sha'awar rayuwar mutanen tsauni, bikin cikar Amurka shekara 200 ya zo a 1976, jihohi kuma suka fara ware lokacin farautar barewa na musamman ga masu bindigar ɗuri. Masu saye suka yi yawa a daidai lokacin da albarushin ke wuyar samu. DuPont ya daina yin sa a farkon shekarun nan, masana'antarsa ta ƙarshe a Moosic, Pennsylvania, ta koma hannun kamfanin da aka sani da GOEX. Doka kuma ta sa baƙin albarushi a sahun abubuwa masu fashewa. Mai shago na bukatar lasisi da ma'ajiya ta musamman, dakonsa na da tsada da sharuɗɗa, shaguna da yawa suka ce ba za su iya ba.

Wannan giɓi Dan Pawlak ya hango. A tsakiyar shekarun 1970 ya fito da Pyrodex tare da kamfanin Hodgdon na jihar Kansas. Yana da gawayi da farar wuta da gishirin nan, amma an ƙara masa wasu sinadarai da suka sa bai da saurin kamawa, har hukuma ta yarda a yi dakonsa a sayar da shi bisa ƙa'idar da ta fi sauƙi. Nasararsa ke nan: ya shiga kantin da baƙin albarushi ba zai iya shiga ba. Pawlak bai ga ƙarshen abin da ya fara ba. A Janairun 1977 masana'antarsa a jihar Washington ta fashe, ya rasu tare da wasu ma'aikata. Hodgdon ya sake gina wata a Herington, Kansas, ya ci gaba.

An tsara Pyrodex ne a auna shi da ma'aunin da ake auna baƙin albarushi, cika da cika, ba a kan sikeli ba. Mudun gero da mudun dusa ai ba nauyinsu ɗaya ba. Pyrodex ya fi sauƙi da kusan kashi 30 cikin ɗari, don haka wanda ya auna shi da nauyi ya zuba fiye da kima. Ta fuskar saiti kuwa, a bindiga mai kyau yana iya yin abin kirki, amma ya zo da halayensa. Ya fi damuwa da yadda aka danna harsashi a kansa: a danna da ƙarfi yau, a sassauta gobe, gudu ya bambanta. Tokarsa ba ta kai ta baƙin albarushi yawa ba, amma tana cin ƙarfe ƙwarai, kuma mutane da dama da suka ɗauka sun huta da wanki sun buɗe bindigoginsu bayan wata guda sun tarar da ramuka a bututu. Babban abin shi ne wuyar kamawar da ta sa doka ta sassauta masa ita ce rauninsa a fili. A bindigar ƙanƙara, inda dutse ke karce ƙarfe tartsatsi ya faɗa kasko, wutar ta bi ta ɗan rami zuwa ciki, Pyrodex shi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Ko a bindiga mai 'yar hular tagulla a gefe, inda wuta ke yin kwana kafin ta isa, yakan yi jinkiri. Jinkirin bai kai ƙiftawar ido ba, amma a cikinsa hannu ya motsa, bakin bindiga ya sauka, harbi ya ɓaci.

A ganina nan ne tarihin ya yi juyin da ba a cika lura da shi ba. Maimakon a gyara madadin ya dace da bindiga, sai aka sake bindiga ta dace da madadin. A 1985 Tony Knight, wani maƙeri a jihar Missouri, ya fito da MK-85, wadda ke aika wuta daga baya kai tsaye cikin albarushi ba kwana. Daga baya aka koma amfani da hular wuta mai lamba 209, irin ta harsashin bindigar harbin tsuntsaye, wadda zafinta ya fi na tsohuwar hula sosai. Dunƙulen dalma da ƙyalle suka ba da wuri ga dogon harsashi a cikin kwanson roba. Aka ɗora madubin hangen nesa. A tsakiyar shekarun 1990 Hodgdon ya matse Pyrodex ya zama 'yan dunƙulaye da ake jefawa biyu ko uku, ba awo ba zubewa. Mafarauci mai sanyi a yatsu ya ji daɗin wannan, amma mai neman saiti ya yi asara, domin kowace bindiga tana da awon da ta fi so, kuma da dunƙule ba a iya ƙara kaɗan ko rage kaɗan. Dunƙulen da ya ɓantare ko ya sha laima kuma ba zai ba da gudun ɗan'uwansa ba.

A farkon shekarun 2000 Triple Seven ya fito, babu farar wuta a cikinsa, babu warin nan, ana wanke shi da ruwa zalla, kuma ya fi baƙin albarushi ƙarfi da kusan kashi 15 cikin ɗari a awo ɗaya. Shi ma ya zo da tasa. Da hular 209 yakan bar wani zobe mai tauri a can ƙasan bututu, daidai inda harsashi ke zama. Mai ɗuri na biyu zai tura sanda, ya ji ta tsaya, ya ɗauka ya kai, alhali a kan zoben ya tsaya, akwai sarari tsakanin harsashi da albarushi. Mafi sauƙin sakamako shi ne harbi ya kauce. Mafi muni, bututu ya kumbura ko ya tsage. Alamar wuƙa a jikin sanda, dabarar mutanen da, ita ce dai ke ceton mai sabuwar bindiga. An kuma yi wasu madadai da sinadarin bitamin C, masu tsabta sosai, amma sun yi ƙaurin suna wajen shan laima da rashin daidaiton gudu.

Wanda ya fi kusa da cika alkawari shi ne Blackhorn 209, da kamfanin Western Powders na jihar Montana ya fito da shi a 2008. Ƙwayoyinsa 'yan bututu ne masu girma ɗaya, tokarsa kaɗan ce har ana iya jera harbi ba tare da shara ba, ba ya saurin shan laima, gudunsa kuma na da daidaito. A bindigar zamani mai rufaffen gindi da hular 209, da wuya a sami wanda ya fi shi, kuma ban ga dalilin musanta masa wannan ba. Sai dai a can kaɗai yake aiki. A bindigar ƙanƙara ko mai hula a gefe ba ya kamawa yadda ya kamata, kuma masu yin sa da kansu sun hana a gwada. Saboda haka idan aka tambaya wanne ya fi saiti, dole a fara tambayar wace bindiga. Kwatanta Blackhorn a sabuwar ƙira mai madubi da baƙin albarushi a doguwar bindigar Pennsylvania kwatanta bindigogi biyu ne da harsasai biyu da hanyoyin kunna wuta biyu. Albarushin kaso ɗaya ne cikin bambancin.

Inda aka riƙe bindigar yadda take, tsohon bai sauka daga kujerarsa ba. Hukumar gasar bindigar ɗuri ta duniya, MLAIC, da aka kafa a 1971, baƙin albarushi na masana'anta kaɗai ta yarda da shi, kuma a gasanninta na nesa har yau ana harbi daga yadi 1,000 da bindigogi irin na Rigby da Whitworth. Da yawa daga cikin gwanayen albarushin Suwizalan suke nema, wanda ake yi a garin Aubonne tun 1853, saboda gawayinsa da tsawon niƙansa da daidaiton ƙwayoyinsa. Yana kamawa nan take, tokarsa sananniya ce, an san yadda ake lallashinta da maiƙo da danshi, kuma idan aka adana shi a busasshen wuri yakan yi shekaru masu yawa bai canza ba, abin da yawancin madadai ba sa yi da zarar an buɗe gwangwani.

Rauninsa na nan inda yake tun zamanin Brandywine, wato yin sa. Bayan fashewar da ta kashe ma'aikata a Moosic a 1997, GOEX ya koma kusa da Minden a jihar Louisiana. Hodgdon ya saye shi a 2009, ya kuma sayi Blackhorn a 2020, ya zama tsohon da manyan magadansa duk suna gida ɗaya. A Yunin 2021 wuta ta tashi a masana'antar Minden, kafin ƙarshen shekarar Hodgdon ya sanar da rufe ta. A lokacin ita kaɗai ce ta rage tana yin baƙin albarushi a duk Amurka. Masu sababbin bindigogi ba su ji a jikinsu ba sosai. Masu bindigar ƙanƙara kuwa, irin mafarautan Pennsylvania da jiharsu ta ware musu lokaci bayan Kirsimeti, a lokacin ba su da abin da za su koma gare shi sai wanda ake shigowa da shi daga Suwizalan da Jamus. Sojan Amurka ma abin ya shafe shi, domin har yanzu da ɗan baƙin albarushi ake kunna harsasan manyan igwa da dama. A 2022 kamfanin Estes Energetics, ɗan'uwan kamfanin da ke yin ƙananan rokokin wasan yara masu aiki da wannan albarushi, ya sayi masana'antar domin ya tayar da ita.